MARSANDI BIYU DA AKA YI WA MUSANYAR IYAYEN GIDA



Mu marubuta littattafan Hausa babu motar da muka wahalar kamar Marsandi. Da zarar muna son mai karatu ya gane Alhaji ya tara abin duniya, sai mu sa maigadi ya wangale ƙofa, baƙar Marsandi ta sulalo cikin gida, shi ke nan an gama bayani. Ba ruwanmu da inda Alhaji ya samo ta, balle wanda ya fara ɗora hannu a kan sitiyarinta. A ƙagaggen labari wannan ba laifi ba ne. Amma wajen masu tara tsofaffin motocin alfarma, tambayar "ta wa ce?" ta fi injin motar daraja, domin sunan mutum ɗaya yana iya ninka kuɗinta, sunan wani kuma ya sa mutane su ƙi ko kallonta.

Wani labari nake shiryawa wanda tsohuwar mota ce ƙashin bayansa, shi ya sa na shiga karance-karance a kan yadda ake bin salsalar mota. Ina cikin haka na yi kiciɓis da tarihin wasu Marsandi guda biyu da suka fito daga Jamus ta zamanin Hitila, na ajiye nawa labarin gefe na yi makonni ina bin nasu. A taƙaice, ɗaya ta yi shekaru ana yawo da ita ana cewa ta Hitila ce alhali ta wani ce, ɗayar kuma ta yi shekaru 37 da sunan wani alhali ita ce ta Hitilan.

Bari mu fara da irin motar. Kamfanin Daimler-Benz ne ya ƙera ta, sunanta Mercedes-Benz 770, Jamusawa na yi mata laƙabi da Babbar Marsandi. Samfurin farko an yi shi daga 1930 zuwa 1938, guda 117 kacal, kuma cikin waɗanda suka mallake shi akwai Sarkin Japan Hirohito da tsohon Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu da ke zaman gudun hijira a Holan. Samfuri na biyu, wanda shi ne namu a wannan bayani, an yi shi daga 1938 zuwa 1943, guda 88 ne a duk duniya. Tsawonta ya kai mita 6, injinta silinda 8 ne a jere, da wata na'ura mai cusa masa iska wadda in ta kama yakan ba da ƙarfin doki 230. Waɗanda aka yi wa manyan gwamnati an lulluɓe su da farantan ƙarfe da gilashi mai kauri saboda harsashi, har nauyin guda ya haura tan 4. Wadda duk ka gani a tsofaffin hotunan yaƙin Hitila, rufinta a buɗe, shi yana tsaye kusa da direba ya miƙe hannu jama'a na ihu, to galibi ita ce.

Ka riƙe wannan adadi na 88, mai karatu, domin bayan yaƙi motocin da aka yi ta nunawa a Amurka da sunan "motar Hitila" sun yi yawan da har abin ya zama abin dariya.

Ta farko ta shiga Amurka ne a 1948, ta hanyar bashi. Wani ɗan kasuwa a birnin Shikago mai suna Christopher Janus ya sayar wa wani kamfani a ƙasar Suwidin boris, irin na ƙafar mota da injuna, na kimanin dala 35,000. Lokacin biya ya yi, mutanen ba su da dala a hannu, sai suka ce ga mota ya karɓa a madadin kuɗinsa, kuma ba kowace mota ba ce, ta Hitila ce. Abin nema ya samu. Janus ya karɓa, aka ɗoro ta a jirgin ruwa zuwa New York, 'yan jarida suka yi dafifi a bakin tasha. Daga nan aka shiga yawo da ita gari-gari, mutane na biyan kuɗi su leƙa, ana tara wa ƙungiyoyin agaji abin da aka samu. A 1951 har fim ta fito, mai suna The Desert Fox, a matsayin motar faretin Hitila.

Duba yadda ƙarya take yin ƙiba. Ranar farko maganar baki ce kawai daga wanda ake bi bashi, wanda kowa ya san yana da dalilin zuzuta hajarsa. Da jarida ta buga, sai ta zama rubutacciya. Da aka rataya allo a gabanta jama'a suka biya suka gani, sai ta samu dubban shaidu, kowa ya koma gida yana rantsuwa ya ga motar Hitila da idonsa. Da ta fito a fim kuwa, ai magana ta ƙare. Duk wanda ya saye ta daga baya ya gaji motar ya gaji labarin, kuma ba shi da wata riba a tone-tone, tunda in labarin ya rushe kuɗinsa ne ya rushe.

A watan Janairun 1973 aka yi gwanjonta a garin Scottsdale na jihar Arizona, aka buga mata dala 153,000. A lokacin ba a taɓa sayen wata mota a gwanjo da tsada haka ba. Wanda ya saya mai wani filin wasan yara ne a jihar Pennsylvania, yana son ta jawo masa 'yan kallo. Ni dai har yanzu na kasa haɗiye wannan, a ce uba ya riƙo hannun ɗansa daga kan lilo ya kai shi ganin motar Hitila.

To ashe motar ta Marshal Mannerheim ce, babban kwamandan askarawan ƙasar Finlan, wanda daga baya ya shugabanci ƙasar daga 1944 zuwa 1946. Finlan ta yi yaƙi da Tarayyar Sobiyat a gefe ɗaya da Jamus, don haka a 1941 Hitila ya aika wa Mannerheim wannan mota kyauta, irin ta neman riƙe aboki. Bayan yaƙi ta tsallaka Suwidin, inda ta faɗa hannun waɗanda suka biya bashi da ita. Wato akwai ɗan ƙamshin gaskiya a maganar, tunda daga hannun Hitila kyautar ta fito. Amma ko a garinmu, in Sarki ya ba Madaki doki, dokin Madaki ne, ba wanda zai kai shi kasuwa ya ce ga dokin Sarki sai mai son cin haram.

Ta biyun ita ta fi ɗaukar hankalina, domin a kanta ne aka yi aikin bincike na gaske.

A farkon watan Mayun 1945, kwanaki kaɗan bayan Hitila ya kashe kansa a Barlin ranar 30 ga Afrilu, sojojin Amurka na runduna ta 20 mai tankokin yaƙi suka iso kusa da garin Laufen, a kudancin Jamus dab da iyakar Ostiriya. Wani saje a cikinsu ya hango wata ƙatuwar baƙar mota a ɗaure bisa buɗaɗɗen taragon jirgin ƙasa. Bayan 'yar musayar wuta ya kai gare ta, aka sauko da ita. Wani farar hula ɗan ƙasar Holan da ke aiki a wurin ya ce musu ai ta Hermann Goering ce, shugaban mayaƙan saman Jamus kuma na biyu ga Hitila. Kowa ya san Goering da son ƙawa da manyan motoci, don haka maganar ta zauna daram, ba wanda ya nemi ƙarin hujja. Nan ma ka gani, bakin mutum ɗaya ne.

Akwai wani abu da ya faru a nan wanda duk mai sayen tsohuwar mota ya kamata ya lura da shi. Injin motar ya samu matsala a hannun sojojin, sai suka samo wani irinsa daga Berchtesgaden, inda gidan hutun Hitila yake, suka ɗora mata. Ke nan tun daga 1945 lambar injin da ke cikinta ba ita ce wadda ta baro masana'anta da ita ba. Wanda duk ya dogara da lambar inji kaɗai, ya kama hanyar ɓata.

A cikin shekarar aka kai ta Amurka, aka yi ta zagayawa da ita da sunan motar Goering don jan hankalin jama'a su ba gwamnati rancen biyan kuɗin yaƙi. Da aka gama da ita sai aka jefa ta ma'ajiyar soja a Aberdeen ta jihar Maryland, ta yi shekaru tana shan ƙura. A 1956 sojoji suka yi gwanjonta a kan dala 2,725, wani attajiri mai tara motoci a birnin Montreal na Kanada ya saya, aka kai ta Toronto aka yi mata kwaskwarima, amma aka bar tsagaggen gilashinta yadda yake. Daga hannunsa ta koma hannun wani ɗan kasuwa na Quebec, shi kuma a 1970 ya ba da ita ga Gidan Tarihin Yaƙi na Kanada da ke Otawa. Suka ajiye ta, suka rubuta a allo cewa motar Goering ce.

Kwatanta kuɗin biyu ka sha mamaki. Wadda ba ta Hitila ba, dala 153,000. Ta Hitilan ta ainihi, dala 2,725. Ko da an cire bambancin shekaru 17 da ke tsakanin gwanjon biyu, tazarar nan ba ƙarfe ya kawo ta ba, suna ne.

Mutumin da ya warware ƙullin ba bakanike ba ne, ba kuma dillalin motoci ba. Ma'aikacin laburaren gidan tarihin ne, sunansa Ludwig Kosche, haifaffen Jamus da ya yi ƙaura zuwa Kanada, don haka yana karanta Jamusanci kamar ruwa. A farkon shekarun 1980 ya ɗauki abin a kansa, kuma yadda ya bi shi ne ya sa na ce a raina wannan mutum da a cikinmu yake da malaman hadisi sun so shi. Ai su ma ba sa karɓar magana don ta yi daɗi ko don ta yaɗu, sai sun tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji, shin ma sun yi zamani ɗaya? Da Kosche ya bi isnadin "motar Goering" sai ya tarar duk ruwayoyin, na jarida da na soja da na masu gwanjo, sun koma ga mutum guda, shi ma ba takarda ya nuna ba.

Sai ya bar maganar mutane ya koma ga motar da kanta. Lambarta ta baya an shafe ta da fenti tun zamanin sojoji, da aka bi ta a hankali sai tsohuwar lambar Jamus ta bayyana, IAv 148697. Haruffan IA alamar rajistar birnin Barlin ce a wancan zamani. Sannan akwai lambar da masana'anta ke bugawa a jikin ƙarfen mota, wadda ba ta canzawa ko an sauya inji sau goma. Kamfanin Daimler-Benz kuwa, a birnin Stuttgart, yana da kundin odar motocinsa, wa ya yi oda, yaushe aka gama, ina aka kai. Kundin ya nuna an miƙa wannan mota ga fadar shugaban gwamnati a Barlin, wato ofishin Hitila, ranar 8 ga Yulin 1940.

Wani da ya tsaya nan ya ce ya gama. Amma fadar tana da motoci da yawa, kuma kai mota fada ba ya nufin maigidan ya hau ta, tana iya zama ta baƙi ko ta 'yan rakiya. Don haka Kosche ya shiga tsofaffin hotuna da finafinan labarai na lokacin yaƙi, yana neman inda lambar nan za ta fito da Hitila a ciki. A nan ne abin ya ƙayatar da ni ƙwarai. Da yake motocin nan da hannu ake gina jikinsu, kowace da odarta, ba a rasa ɗan bambanci tsakanin wannan da waccan. Sai ya riƙa ƙirga ramukan shan iska da ke ƙasan gilashin gaba, da tsagogin da ke gefen bonet, da ƙarafan da ƙofofi ke rataye a kansu, yana duba lanƙwasar ƙananan gilasan baya, kamar dai yadda Bafillace ke gane saniyarsa a cikin garke ɗari da tabon goshi da karkatar ƙaho. Lambar mota ana iya cire ta a liƙa wa wata, amma waɗannan alamomi sai an sake ginin motar.

Ya samu hotunan. Na farko ranar 19 ga Yulin 1940 ne a Barlin, kwana 11 da kawo motar, Hitila na ciki. Abin dariyar shi ne a wannan rana ce Hitila ya ɗaga Goering zuwa muƙamin da ya fi na kowane hafsa a Jamus, wato dai mutumin da za a laƙaba wa motar daga baya yana wurin taron, amma ba tasa ba ce. An sake ganin Hitila a cikinta ranar 28 ga Nuwamban 1941 wajen jana'izar wani shahararren matuƙin jirgin yaƙi, Werner Mölders, sannan a watan Maris na 1942. A 1982 Kosche ya buga sakamakon bincikensa a mujallar After the Battle ta Ingila, gidan tarihin ya sauke allon Goering.

Abin da na tsinta a aikin mutumin nan shi ne bai yarda da shaida ɗaya ba ko da ta yi masa daɗi. Ƙarfe ya yi magana, takardar masana'anta ta gaskata shi, hoto ya zo ya gaskata su duka biyun, kuma babu ɗaya a cikin ukun da ya kwafo daga ɗan'uwansa. Wannan ya bambanta da shaidu dubu da duk a bakin mutum guda suka ji. Sannan shi ba sayar da motar zai yi ba, ba shi da la'ada, ko ta Goering ce ko ta Hitila albashinsa ɗaya. A ganina wannan ya fi komai, domin kusan duk inda salsalar mota ta gurɓace, in ka duba da kyau za ka ga hannun mai cin riba.

Mu ma nan ba mu rasa irin wannan zance. Na sha jin an nuna wata tsohuwar mota a bayan gida, tayoyi sun nutse a ƙasa kaji na ƙwai a ciki, a ce wannan Sardauna ya taɓa hawa, ko kuwa ita ta ɗauki Sarauniyar Ingila da ta zo Arewa a 1956. Wataƙila gaskiya ne, amma in ka ce a nuna maka takarda ko hoto sai a ga kamar ka zagi kakan masu gidan. Motar da na san ba ta bukatar wannan wahala ita ce baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, wadda aka ajiye a gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas da hudojin harsashi a jikinta. Ita ba ta bi ta hannun dillalai ba, shi ya sa ba a jayayya a kanta.

Mu koma Otawa. Gano gaskiya bai kawo wa gidan tarihin sauƙi ba, sai ma ya ɗora musu kaya. Da can mota ce ta wani hafsa mai ƙiba, yanzu ta zama ta mutumin da gwamnatinsa ta hallaka Yahudawa miliyan 6, ta tayar da yaƙin da ya ci rayuka miliyoyi barkatai. Ta zama abin da 'yan kallo suka fi rububi a kai, ga ta baƙa sumul tana sheƙi, yara na ɗaukar hoto. Tambayar da ta dami masu kula da wurin ita ce, mai kallon nan tsoron zalunci yake koya, ko sha'awar mai zaluncin?

Ina so in ɗan tsaya a nan, saboda akwai samarinmu da ke jin sunan Hitila kamar na wani gwarzo, har ana yi wa mai taurin kai laƙabi da shi. Baƙar fata ba mutum ba ne cikakke a aƙidarsa. A watan Yunin 1940, makonni kaɗan kafin a kai masa wannan sabuwar mota, sojojin Jamus da suka ci Faransa sun riƙa ware fursunoni baƙaƙe, waɗanda Faransa ta ɗebo daga ƙasashen Afirka ta Yamma da take mulka, suna bindigewa bayan sun miƙa wuya. A ƙauyen Chasselay kusa da birnin Lyon an yi haka, maƙabartarsu tana nan da jan gini irin na ƙasashenmu. Murnar cin Faransa ɗin nan ce ake yi a Barlin ranar 19 ga Yuli da aka ɗauki hoton farko na motar. Kamfanin da ya ƙera ta kuma ya yi amfani da dubban mutanen da aka tilasta wa aikin bauta a masana'antunsa lokacin yaƙin, abin da shi kansa ya amsa daga baya. Duk wannan yana cikin salsalar motar, ko da ba a rubuta shi a kundin oda ba.

A shekarar 2000 shugaban gidan tarihin na lokacin, masanin tarihi Jack Granatstein, ya fito ya ce yana ganin gara a sayar da ita, domin tana ƙawata mulkin Hitila a idon matasa, kuma kuɗinta, da aka yi hasashen zai iya kai wa dala miliyan 20, zai taimaka wajen gina sabon mazauni. Jama'ar Kanada suka yi ca. Wasu suka ce tarihi ne ba a sayar da shi, wasu suka kawo hujjar da ta fi ƙarfi, cewa in aka kai ta gwanjo babu mai hana masu aƙidar Hitila na wannan zamani su saye ta su mai da ita wurin ziyara. Shi kansa wannan fargabar ta dame shi. Aka janye maganar.

Kosche ya rasu a cikin wannan shekara ta 2000. A 2017 wani marubuci Ba'amurke, Robert Klara, ya fitar da littafi mai suna The Devil's Mercedes inda ya bi sawun motocin biyu tun daga Jamus. Ta Mannerheim ta ƙare a hannun wani mai tara motoci a jihar Kalifoniya a shekarun 1980, da sunan mai ita na gaskiya. Ta Hitila kuwa, da gidan tarihin ya tare a sabon gininsa a Otawa a watan Mayun 2005, da ita aka tafi, aka ajiye ta a sashen Yaƙin Duniya na Biyu, da injin aro na Berchtesgaden a cikinta da tsagaggen gilashin da ba a taɓa canzawa ba.